Me ya sa ƙarfen sulkena ke tsagewa?

Malam, ka ce kana ƙera sulken ƙirji irin na mayaƙan Turai na da, amma farantin na tsagewa wurin lanƙwasawa. Yawan duka ne ke sa ƙarfe taurin da zai tsage.

Nemi ƙarfe mai taushi, kaurin milimita 1.2 zuwa 1.6. Fafe gungumen itace, ɗora farantin a ramin, ka riƙa bugawa da guduma mai zagayen kai, daga gefe kana kewayawa zuwa tsakiya. Da ka ji ya fara gardama, gasa shi ya yi ja, ka binne a toka ya huce a hankali.

Kada ka gasa mai rufin tutiya, hayaƙinsa guba ne. Kwalkwalin da za a doka a fagen faɗa kuwa, bar wa gogaggen maƙeri.