Yayana ya bar albasa ta ruɓe, ina lissafin ya tafi?

Tambaya: Malam barka da war haka. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa, ana koya muna cewa mutum kullum yana auna riba da hasara kafin ya fidda kuɗinshi. To yayana ya sari albasa a Galmi, kasuwa ta faɗi, aka taya mishi ƙasa da yadda ya saya ya ce wallahi bai saidawa, har rabin buhunan sunka ruɓe. Wauta ce ko mi?

Amsa: Ƙanena, yayanka ba wawa ba ne, kuma wancan mutumin mai lissafi da ake koya muku a aji, ni dai ban taɓa gamuwa da shi cikin kasuwa ba.

Wasu masana halayyar ɗan adam su biyu ƴan Isra'ila, Daniel Kahneman da Amos Tversky, a 1979 sunka nuna cewa mutum yana auna kuɗi ne daga inda yake tsaye, daga baya kuma sunka nuna cewa zafin ɓatar da jika goma ya kai wajen ninki biyu na daɗin samun jika goma. Abin da ya fi kama yayanka shi ne ɗaya binciken nasu: in mutum ya ga hasara tabbas a gabanshi sai ya gwammace ya yi kasada ko da za ta fi muni. Saidawa ranar nan na nufin ya amsa da bakinshi cewa ya faɗi, ajiyewa kuwa akwai "ƙila gobe ta tashi", ita ko albasa babu ruwanta da nawa aka saye ta, zafi na dukanta tana ta tsiro tana wari a runfa. Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, Tversky kam ya riga ya rasu tun 1996.

Sun kuma taɓa juya wata ƙafar caca gaban mutane, an shirya ta tsaya kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Masu ganin 10 sunka ce wajen 25, masu ganin 65 sunka ce 45, lambar banza fa! Wato lambar da mutum ya fara gani ita ke jan lissafinshi, kamar yadda kuɗin da yayanka ya sari albasar sunka riƙe shi. Dillalan raguna a Turaku ta Yamai sun san wannan tun da daɗewa, lokacin layya dillali ya fara yanko maka jika ɗari uku, ka yi ta ja kana gumi har ya sallama a ɗari biyu, ka ja ragonka kana murna ka kayar da shi.