Zan Sauka Akra Ni Kaɗai, Daga Ina Zan Fara?

Wani matashi tela daga Kano ya aiko da tambaya: yana shirin tafiya Akra, babban birnin Gana, ta mota neman aiki, bai san kowa a can ba, yana son sanin abin da zai yi in ya sauka.

Ɗan'uwa, lamarin naka daga boda zai fara gyaruwa ko ya lalace. Daga Legas za ku bi Seme, ku ratsa Kwatano da Lome, ku shiga Gana ta Aflao. A matsayinka na ɗan ƙasar ECOWAS ba ka buƙatar biza, kana da kwana 90. Amma kwanakin nan hatimin shige da fice ne yake tabbatar da su. 'Yan kamasho za su tare ka, su ce ka kawo wani abu su tsallakar da kai ta bayan gari ba layi. Don Allah kada ka yarda. Wanda ya shiga ba hatimi, duk ranar da ya je neman takardar zama sai a tambaye shi ta ina ya shigo, kuma ba shi da amsa. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, in an buga hatimin ka duba kwana nawa aka rubuta kafin ka bar gaban jami'in.

Ka shirya tafiyar yadda za ka isa da rana. Motocin Aflao galibi a unguwar Tudu cikin Akra suke sauke mutane, wuri ne mai cunkoso, baƙon da ya sauka da dare da jaka a ka kowa ya gane shi. Ka canji 'yan sidi, kuɗin Gana, kaɗan tun a boda, na mota da abinci. Daga nan ka nemi tirotiro, ƙaramar bas ɗinsu, zuwa Nima ko Mamobi ko Sabon Zongo. A unguwannin nan Hausa ce harshen titi, har za ka ji dattawa suna kiran garin Ankara.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne rashin mai masauki. Tun kana Kano ka bincika a layin teloli da 'yan kasuwar da ke zuwa Gana, ka samu lambar mutum ɗaya tak wanda zai ce ya san da zuwanka. In hakan ta gagara, ka yi sallar la'asar a masallacin unguwa, ka gaida liman, ka ce a kai ka wurin sarkin zango. Karɓar baƙo tsohuwar al'adar zango ce, amma za a tambaye ka ɗan wane ne kai, me ya kawo ka. Faɗi gaskiya. Kada ka yi saurin kama ɗaki, don masu gida kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, kuma akwai dillalan da ke karɓar kuɗi kan ɗakin da ba nasu ba.

Batun aiki kuwa, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa tallar kaya, sayarwa a rumfar kasuwa da shagon aski, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kan haka. Fara zama ƙarƙashin maigida mai shagon ɗinki, kafin kwana 90 su cika ka je ofishin shige da fice neman izinin zama da aiki, ka kuma yi katin shaida na baƙi, wanda banki da rajistar layin waya za su nema.

Ka ɗauki hoton fasfo da shafin hatimin ka tura wa wani a gida. Ranar da ka sauka, ka kira mahaifiyarka ka ba ta sunan unguwa da lambar mai masaukinka, ka kuma gaya mata kada a sa ran aike a watanni biyun farko.