Kafin ka ɓamɓare wayoyin shagonka

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta 20 a Ringim, yara na gwajin jarrabawar JAMB. Intanet ɗin jan ƙafa yake. Mai gyara ya ce in cire wayoyin da ke haɗa kwamfutocin, samfurin Cat5e, in sa samfurin Cat6, wai tana kai gudun gigabit 10. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Mai gyaran nan, shi ke sayar da wayar, ko? Na sani.

Wannan magana ta ishe ni. Cat5e tana ɗaukar gudun intanet na gigabit 1, wato megabit 1,000, har tsawon mita 100, shagonka kuwa na tabbata ko mita 15 bai kai ba. Intanet ɗinka ta na'urar 4G yake shigowa, daga eriyar da duk gari ke rabawa, shi ya sa da magariba yake sulalewa. Rijiya ta ƙafe, kai kana neman babban guga.

Durƙusa ƙarƙashin tebur ka duba akwatin da wayoyin suka haɗu, wato swic. In ka ga an rubuta 10/100 a jikinsa, to ga wani ɓarawon nan: bai wuce megabit 100, ko wayar zinare ka sa masa. Canza shi da na gigabit, ka ɗaga na'urar 4G kusa da taga mai kallon eriya. Gigabit 10 da ake yi maka romon baka da shi, Cat6 ba ta kai shi nesa da kamar mita 55, kuma ina ka ga kwamfutar gwanjo mai karɓarsa?

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne jabu. In dole sai ka saya, ka tafi da reza a aljihu, ni haka nake yi. Kankare zare ɗaya. In fari ya leƙo daga ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Lanƙwasa biyu ta karye. Aje musu kayansu.

Tambaya: Daga ofishin makarantarmu a Ɗambatta zuwa ɗakin kwamfuta mita 150 ne, ta tsakar fili. Wace waya?

Amsa: Malama, faiba. Jan ƙarfe ba ya kai nan, kuma tsawar damina za ta bi shi ta ƙona muku kaya. Faiba gilashi ce, wuta ba ta bin ta.

Tambaya: Ɓera ya cinye min waya sau uku a Gumel.

Amsa: Ƙanina, zura ta cikin faif na roba. Sannan ka nemo kyanwa.