Amsa Kan Shimfiɗa Faifan Sola a Titi

Ka tambaya ko ya dace a shimfiɗa faifan sola a titunan Zariya maimakon kwalta. Amsata ita ce a'a, domin wutar da za a samu ba za ta mayar da kuɗin aikin ba. Faransa ta gwada hakan a 2016 a kan titi mai tsawon kilomita 1 a Normandi, amma cikin shekaru uku faifan suka farfashe.

Gaskiya ne shimfiɗa faifan a titi ba ya cin filin noma, sai dai ni da nake goge faifan rufin gidana a Samaru duk mako lokacin hunturu na san yadda ƙura ke rage musu ƙarfi, balle waɗanda ke kwance a ƙasa tireloli na taka su a Kwangila.