Shin kotu za ta iya tilasta wa gwamnati ta ba talaka gida?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Mun yi gardama da wani abokina a wurin aiki. Ya ce a Afirka ta Kudu wata mata ta maka gwamnati a kotun tsarin mulki saboda ba ta da gida, kuma ta yi nasara. Na ce masa da haka ne, da tuni kowa ya mallaki gida a can. Wa ke da gaskiya? Mu kuma da kuɗin haya ke neman kai mu ƙasa, za mu iya bin wannan hanya?

Amsa: Malam, abokinka bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka faɗi ƙasa ba. Matar sunanta Irene Grootboom, ta ci shari'ar a shekarar 2000, sannan ta rasu a 2008 tana cikin bukkar kwano.

Ga yadda aka yi. Tana zaune ne a Wallacedene, wata unguwar marasa galihu a gefen birnin Cape Town, inda ruwa ke kwanciya, babu famfo, babu magudana. Wasu mazauna wurin sun kai shekara bakwai suna jiran layin gidajen gwamnati. A watan Satumba na 1998 haƙurinsu ya ƙare, ita da wasu mutane kusan 900, 510 daga cikinsu yara, suka koma wani fili mai mai shi suka kafa bukkoki. Mai fili ya je kotu. A watan Mayu na 1999, daidai lokacin da hunturun Cape ke shigowa da ruwa da iska, aka turo katafila ta rushe bukkokin, aka ƙone kayansu. Komawa tsohon wuri ta gagara, domin wasu sun riga sun mamaye. Sai suka tare a filin wasan unguwar, suna kwana ƙarƙashin ledoji.

Makamin da lauyoyinsu suka riƙe shi ne sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1996. Sashen ya ce kowa na da haƙƙin samun hanyar zuwa ga muhalli mai kyau, kuma dole gwamnati ta ɗauki matakan da hankali zai ɗauka don cimma hakan sannu a hankali, gwargwadon abin da ke aljihunta. Ka lura da wannan "sannu a hankali" da "gwargwadon aljihu", nan gizo ke saƙa. Mai shari'a Zak Yacoob, wanda ya rubuta hukuncin ranar 4 ga Oktoban 2000, ya ce babu wanda zai zo kotu ya ce a miƙa masa makulli yau. Ya kuma ƙi yanka wani mizani mafi ƙaranci da za a ce kowa sai ya samu, yana mai cewa kotu ba ta da bayanan da za ta auna hakan. Abin da ya kama gwamnati da shi daban ne: tana gina gidaje da yawa, kotu ma ta yaba, amma shirin nata bai tanadi komai ba ga wanda ruwa ke dukansa a daren yau. Shirin da ya manta da mafi tsananin buƙata, in ji kotu, ya saɓa wa tsarin mulki.

Masu sukar hukuncin suna cewa kotu ta yi tsawa ba ruwa, tun da ba ta tsaya a kan gwamnati ta ga an aiwatar ba. Ina ganin suna da hujja. Sai a 2004 aka fito da shirin muhallin gaggawa na ƙasa. Amma a nawa ra'ayin, ribar shari'ar ta fito ne ta ɓangaren korar mutane daga matsuguni. Wannan sashe na 26 ya hana a tashi mutum ko a rushe masa gida ba da umarnin kotu ba, kuma alƙalai suka riƙa ɗora tubali a kan hukuncin Grootboom. A shari'ar Olivia Road ta 2008 aka ce hukumar birnin Johannesburg ta zauna da mutane ta tattauna da su da gaske kafin ta tashe su. A shari'ar Blue Moonlight ta 2011 aka ce ko ɗan kasuwa ne mai ginin, in korar za ta bar mutane a titi, sai hukumar birni ta samar musu wurin fakewa na wucin gadi, mai gini kuwa ya ɗan jira. Har batun haya da ke ci maka tuwo a ƙwarya ya je gabansu: a shari'ar Maphango ta 2012, inda wani kamfani ya soke yarjejeniyar 'yan haya don ya ninka kuɗi, kotun ta ba su dama su kai kuka hukumar sasanta rikicin haya ta duba ko an yi musu rashin adalci.

Mu a Najeriya ƙofar ta fi ƙunci. Ba mu da kotun tsarin mulki ta daban, Kotun Ƙoli ce ke da magana ta ƙarshe. Kundin 1999 ya ambaci samar da muhalli ga 'yan ƙasa a sashe na 16, amma a Babi na Biyu yake, babin manufofin gwamnati, kuma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun alƙalai game da wannan babi. Wato an ba ka da dama an karɓe da hagu. Shi ya sa lauyoyi ke zagayawa ta Babi na Huɗu, babin haƙƙoƙin ɗan Adam da kotu ke iya tilastawa, su shiga ta haƙƙin mutunci. Da haka mutanen Otodo Gbame da wasu unguwannin bakin ruwa suka yi nasara a Babbar Kotun Legas a watan Yunin 2017, inda aka ce korar mutane ba isasshen gargaɗi ba wurin komawa cin zarafi ne. Sai dai kafin hukuncin ya fito an riga an share Otodo Gbame.

To, in ana barazanar rushe maka matsuguni, kana da abin riƙewa a kotu. In kuwa tsadar haya ce, alƙalinmu ba shi da ayar da zai kafa hujja da ita a tsarin mulki, sai abin da dokar haya ta jiharku ta tanada. Mayar da muhalli cikin Babi na Huɗu na buƙatar kashi huɗu cikin biyar na 'yan Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Akwai gajeriyar hanya: a 2002, a ƙarar da jihar Ondo ta shigar kan dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, Kotun Ƙoli ta amince cewa Majalisar Tarayya na iya ɗauko abin da ke Babi na Biyu ta mayar da shi dokar da za a iya aiwatarwa.