Amsa: Gidan rina a soro, zuma a kogon bishiya

Malama, kin ce rina ta yi gida a soronku a Garwa, ƙudan zuma kuma sun tare a kogon dalbejiyar tsakar gida, ga yara na wasa a wurin. Matsala biyu ce, kowacce da maganinta.

Ta rina ta fi sauƙi idan gidan ƙarami ne. A bari sai dare lokacin da suka lafa, babban mutum ya rufe jikinsa da fuskarsa, ya fesa maganin ƙwari daga nesa, washegari a kaɓe gidan. Kada a haska musu tocila kai tsaye, haske suke bi. In kuwa zanzaro ne mai ginin laka, da wuya ya yi harbi.

Zuma kam, don Allah kada ku taɓa da kanku. Taɓa ɗaya, dubbai za su fito. Ku nemi mai kiwon zuma, irin masu amya na wajen Ngaundere, ya kwashe su da hayaƙi. Kafin ya zo a hana yara jifa, a rufe randuna, domin a zafin Maris da Afrilu ruwa ke janyo su. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu zuba fetur su kunna wuta. Ga danni, ga rufin ciyawa, gobara ce kawai.

Wanda aka harba ya kankare ƙarin da farce nan take, a wanke da sabulu, a ɗora ƙanƙara. Amma idan fuska ko leɓe suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama shi, ko harbin ya yi yawa a jikin yaro, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.