Amsa ga ƙanena mai son ya shigo Amurka ya ɓace

Ƙanena, na saurari saƙonka sau biyu bayan na taso daga aikin dare. Ka ce ka gaji da barci da ido ɗaya a Funtuwa saboda 'yan bindiga, in ka samu bizar ziyara za ka shigo ka ƙi komawa, kuma ka ji a nan doka ta ba kowa damar riƙe bindiga ya kare kansa. Gajiyarka ban raina ta ba. Ni ma duk ranar da Inna ba ta ɗaga waya ba, abinci ba ya shiga cikina. Amma maganar bindigar nan ce ta hana ni yin shiru.

Dokar tana nan, ba ƙarya aka yi maka ba. Ta kare kai ba tare da ja da baya ba, jihar Fulorida ta kafa ta a 2005, jihohi da yawa suka bi sahu. Idan mutum yana da dalilin jin tsoron za a kashe shi ko a ji masa mummunan rauni, ba dole ne ya ja da baya ba, yana iya harbi daga inda yake tsaye. Sai dai tsoron mai harbi ake aunawa a kotu, wanda aka harba kuwa galibi yana ƙarƙashin ƙasa, babu bakin ba da nasa labari. Ni da kai, da wannan fata tamu, mu ne ake cewa an gani an tsorata.

A watan Fabrairun 2012, a garin Sanford na Fulorida, Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17, yana dawowa daga kanti da alewa a aljihu, George Zimmerman ya bi bayansa, aka yi kokawa, ya harbe shi. Ya ce kare kansa ya yi, 'yan sanda suka sallame shi a daren. Sai da jama'a suka cika tituna aka kama shi bayan sati shida, a 2013 kuma kotu ta wanke shi. A wannan jiha dai, a 2012 ɗin, aka yanke wa Marissa Alexander, baƙar fata, ɗaurin shekara 20 saboda ta harba bindiga a bango lokacin da ta ce mijinta na barazanar kashe ta. Ko ƙwarzane ba ta yi wa kowa ba. Ta nemi kariyar wannan doka, alƙali ya hana ta. Daga baya an soke hukuncin, bayan ta riga ta sha zaman gidan yari.

Nawa idon ma ya gani. Lokacin da nake aikin kai kaya gida-gida a wajen Atlanta, wata rana bayan magariba na kuskure lambar gida, na hau barandar maƙwabci da kwali a hannu. Ban ko taɓa ƙofar ba ta buɗe. Dattijo ne cikin singileti, bakin bindigarsa daidai ƙirjina, hannunsa na rawa. Rawar hannun nan ce har yau nake mafarkinta. Na saki kwalin, na ɗaga hannu, Turancina ya gudu, kalmar shahada kawai ke fita. Da baya-da-baya na sauka har bakin mota. Na kira 'yan sanda, suka zo, suka fara da duba takarduna, sannan suka ce mutumin a gidansa yake, babu abin da za su yi. Da na ji labarin Ralph Yarl a 2023, ɗan shekara 16 da ya danna ƙararrawar gidan da ba shi ba a Kansas City aka harbe shi a ka, sai da na ajiye mota a gefen titi na yi kuka.

Ka lura, ni na iya kiran 'yan sanda ne don katin zamana yana aljihu. Kai da kake shirin ɓacewa ba ka da wannan. Dokar tarayya ta haramta wa marar takarda mallakar bindiga, aka same ka da ita ɗauri ne sannan kora. To da me za ka kare kan naka?

Na zauna ɗaki ɗaya a Bronx, cikin birnin New York, da wani bawan Allah ɗan zangon Kumasi, ba shi da takarda. Yana wankin kwanuka a wani gidan abinci, mai gidan ya cinye masa kuɗin sati uku, da ya yi magana aka ce ko a kira masa jami'an shige da fice ne. Ya haɗiye. Wani dare ɓarayi suka tare shi, suka fasa masa baki, suka ƙwace waya. Na ce mu kai ƙara, ya riƙe rigata yana roƙona da Allah da Annabi in bari. Da ruwan gishiri muka yi jinyarsa. A wasu jihohin ma 'yan sandan gari sun ƙulla yarjejeniya da ICE, hukumar da ke kama baƙi marasa takarda, fitilar mota da ta mutu tana iya kai ka gidan tsare baƙi. Kotun shige da fice kuma gwamnati ba ta ba ka lauya, in ba ka da kuɗi kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali. Sannan akwai dokar 1996: ka wuce wa'adinka da shekara guda ka fita, shekara goma ba za ka dawo ba. Saboda ita, da mahaifiyar ɗan Kumasin nan ta rasu, ta waya ya ji sallar jana'izarta, yana zaune a bakin katifa.

A unguwar nan ta Bronx ne 'yan sanda suka harba wa Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla a titi, harsashi 41 a ƙofar gidansu a 1999, don ya sa hannu zai ciro walat. 'Yan sandan su huɗu ne, dukkansu an wanke su. Har gobe, in aka tsayar da ni, hannuna biyu na kan sitiyari sai an ce in motsa.

Kana ganin hoton gidan da na gina wa Inna, ba ka ga shekara tara da na yi kafin in iya kawo matata ba, ko karatun jinya da na yi da rana ina aiki da dare. Na samu abin da nake nema, alhamdu lillahi, kuma ta ƙofa na shigo. Don haka ba zan rubuta maka takardar gayyata ina sane da niyyarka ba, ko da za ka kai ƙarata wajen Kawu. In karatu kake so, turo mini sakamakonka na jami'a cikin satin nan, kuɗin jarrabawar Turanci da na neman gurbi suna wuyana. Batun tsaro kuma, na yi magana da Yaya Babba a kan ku koma Kano kafin damina, ni zan biya hayar shekara. Ka gaida Inna, ka ce mata kuɗin maganin hawan jini sun shiga tun Talata.